Tagulla ko Sanholo: Zaɓen Lagireto ga Tsohuwar 504

Peugeot 504, wadda bakin Hausa ya mayar Fijo, ta fara fitowa a Faransa a shekarar 1968, kuma tun daga 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta shiga harhaɗa motocin wannan kamfani, abin da ya sa suka cika hanyoyin Nijeriya da Nijar. Wadda ke hannuna gado ce daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bana lagiretonta ya soma tsiyaya ta wurare da dama, sai bakanikena ya ajiye mini zaɓi biyu: ko a sake gina na tagullar da ta zo da shi, ko a sayo sabo na sanholo. Maganar ba ƙarama ba ce. Gangar injin 504 ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na sanholo, don haka tafasa ɗaya mai tsanani a zafin watan Afrilu na Damagaram ta isa ta lanƙwasa kan injin.

Ɗalibin Hausa zai so ya lura da sunayen ƙarafan, domin sukan shiga juna. Abin da makanikai ke kira lagireton tagulla ƙarfe biyu ne: siraran fukafukan da iska ke ratsawa na jan ƙarfe ne, bututun da tankunan ruwa kuwa na tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya. Ɗayan ƙarfen kuma wasu na ce masa sanholo, wasu goran ruwa, wasu alminiyon. Abin da ke haɗa sassan na tagulla shi ne narkakkiyar dalma da kuza. Ita ma kalmar sinadari, da muke jin ta yau a darasin kimiyya, daga bakin maƙera ta fito, inda take nufin abin da ke sa liƙin ƙarfe ya kama.

A takarda, jan ƙarfe ne ke gaba. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin wucewar zafi a cikin ƙarfe, yana kusa da 400, sanholo wajen 235, tagulla wajen 120. Sai dai dalmar da ke tsakanin bututu da fukafukai ba ta wuce 50 ba, kuma yawancin zafin da zai fita sai ya bi ta kanta. Masu ƙera na sanholo sun kauce wa wannan shinge, sun kuma faɗaɗa bututu yadda ruwa zai taɓa ƙarfe sosai. Ga shi da rashin nauyi, tunda sanholo bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba. Saboda haka mai cewa sabon na sanholo ya fi sanyaya inji ba ƙarya yake yi ba, muddin kirki aka yi wajen ƙera shi. Nauyin kam bai dame ni ba. Motar da ta saba ɗaukar buhunan gero ba za ta ji bambancin ƴan kilo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da lagireton zai huje, domin kowane iri sai ya huje wata rana. Daga Damagaram zuwa Agadas tafiyar ta haura kilomita 400, kuma dutse ɗaya da tayar babbar mota ta cillo ya wadatar. Na tagulla, mai lagireto na bakin tasha zai iya liƙe shi da wuta da dalma. Idan ya toshe, zai narkar da liƙin, ya ɗage tankin sama, ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu har ruwa ya bi, sannan ya mayar. Idan bututu ɗaya ya lalace gaba ɗaya, zai toshe bakinsa biyu a ci gaba da tafiya da sauran. Sanholo ba ya karɓar dalma ta wannan hanya; waldarsa na bukatar na'ura ta musamman da iskar argon, da hannun da ya ƙware. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwa kuma tankunansu na roba ne, an datse su da haƙoran ƙarfe, kuma idan robar ta tsage saboda zafi da tsufa, sai dai a jefar a sayi wani.

Akwai kuma batun ruwa. Mu nan direba na tsayawa ne ya ɗebi ruwan rijiya ya ɗura, wani lokaci mai kanwa-kanwa. Irin wannan ruwa yana barin farin gari a cikin kowane lagireto, amma sanholo ne ya fi saurin cinyewa idan babu ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa. Gaskiyar da masu son tagulla ba su cika faɗa ba ita ce, wannan ruwa mai launi wajibi ne ko da wane lagireto aka sa, tunda kan injin kansa sanholo ne.

Wani abokin aikina da ke koyar da kimiyyar lissafi ya ce mini soyayyar tsohon abu ce kawai ke ja na. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ina son in buɗe murfin inji in ga baƙin tankin nan da na sani tun ina yaro. Da a birnin da masu waldar argon suka yawaita nake zaune, ina tuƙi a cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, da na bi shawararsa.

Na bayar da na tagullar a sake masa ciki, aka bar tankunansa na asali. Na roƙi mai aikin ya sa layin bututu uku, kada kuma ya matse fukafukan da yawa, saboda ƙurar hunturu ta samu hanyar fita idan an hura iska. Murfin lagireton ma na sauya shi, tunda matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100.