Araha da Zango: Hasashe a Kan Motar Lantarki ta Mai Ƙaramin Ƙarfi

A watan Satumba na shekarar 2020 shugaban kamfanin Tesla, Elon Musk, ya yi alƙawarin fito da motar lantarki ta dala 25,000 cikin kimanin shekara uku. Tun daga ranar masu sharhi suka duƙufa cinikin biri a sama: wannan ya yanka mata farashi, wancan ya auna mata nisan tafiya, wani ma har suna ya raɗa mata. A watan Afrilun 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an jingine shirin. Ni ɗalibin harshe ne, amma na bi wannan taƙaddama sau da ƙafa, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kuɗin mota ya shiga cikin lissafin kuɗin karatuna. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmomi biyu da hasashen ya rataya a kansu: araha da zango.

Bari in fara da araha. Motar da Amurka ta yi ta jira, Sin ta riga ta ƙera ta. A 2023 kamfanin BYD ya fito da ƙaramar mota mai suna Seagull a kan yuwan 73,800, daga baya ya rage zuwa 69,800, wato ƙasa da dala 10,000 kaɗan. Asirin wannan rangwame yana cikin batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar. Wajen 2010 kuɗin batirin da ke ɗaukar yunit ɗaya na wuta, irin yunit ɗin da muke saya a mita, ya haura dala 1,000; zuwa 2024 ya sauko kusan dala 115.

Sai dai araha kalma ce da ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an ce ga wa. Idan aka ƙaddara dala a kan naira 1,500, motar dala 10,000 ta kama naira miliyan 15 tun kafin a biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da ribar dillali. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai yi kusan shekara 18 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba. Hasashena shi ne motar lantarkin da za ta amsa sunan mai araha a wurinmu za ta iso ne ta hanyar da sauran motocinmu suka iso, wato a matsayin ta hannu, 'yar Kwatano ko Beljiyam. A nan ne ciniki zai canza salo. Mun saba a buɗe gaban mota, a saurari ƙarar inji, a duba hayaƙi. Motar lantarki ba ta da hayaƙin da za a duba, kuma gajiyar batirinta ba ta bayyana ga ido ko kunne. Wanda ya saya ba tare da an auna masa lafiyar batir ba, zai gane ma'anar araha ba ta ado ranar da aka gaya masa kuɗin sabo.

Kalma ta biyu ta fi burge ni. Masu fassara a gidajen rediyo sun daɗe suna cewa makami mai cin dogon zango, don haka ba sai mun ƙirƙiro sabon suna ga nisan da mota ke yi da caji ɗaya ba. Amma zango a bakin fatake yana ɗauke da ma'ana biyu: tsawon tafiyar da ayari ke yi kafin ya sauka, da kuma masaukin kansa, inda ake samun ruwa da abincin dabbobi. Madugun da ya nufi Gwanja sayen goro yana auna tafiyarsa da inda zai yada zango. Masaukan nan ne suka bar mana sunan unguwannin Zango a Kumasi da Akra.

Mu gwada wannan ma'auni a kan Seagull. Kamfanin ya ce ƙaramin batirinta na kai ta kilomita 305, babban kuma 405. An samo waɗannan alƙaluma ne ta gwajin ƙasar Sin, wanda aka san shi da sassauci. Idan aka haɗa zafin watan Afrilu da na'urar sanyaya mota da gudun babbar hanya, ni a ƙiyasina sai a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu. Saura kimanin 230 ke nan, daidai da nisan Kano zuwa Kaduna, a isa da batir a bushe. Tambayar da ta rage ita ce ta madugu: ina masauki? A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tunani ne mai kyau, domin ya ɗaura motar da rana, wadda ba ta yanke mana alƙawari. Amma tasha ɗaya a gari ɗaya ba ta zama hanya.

Lissafin yau da kullum kuwa yana goyon bayan lantarki. A ce ƙaramar mota na shan yunit 13 a kilomita 100, kowane yunit a kan naira 210 kamar yadda masu rukunin A ke biya, an kashe naira 2,730. Motar fetur mai shan lita 7, a ce lita naira 900, ta ci 6,300. Ribar a fili take, muddin ba da janareto aka yi cajin ba.

Game da kayan da ya kamata a sa mata, tallace-tallacen waje sun fi zuzuta faffaɗan allo da tuƙa kai. Da za a tambaye ni, abin da zan roƙa kaɗan ne: tsayi daga ƙasa saboda ramuka da ambaliyar damina, rufi mai hana ƙurar hunturu shiga, batir irin na ƙarfe da fosfet wanda ya fi jure zafi, da kafar da za ta ba gida wuta idan an ɗauke, wadda wasu motocin Sin suka riga suka zo da ita. Sai kuma kayan gyara da za a samu a Ƙofar Ruwa, da makanikin da ya san kansu.

Saboda haka nake zaton sauyin zai fara ne daga abin hawan haya. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna ana iya mayar da ƙananan bas-bas masu aiki da lantarki. Ɗan adaidaita sahu gajeren zango yake ci, yana kwana wuri ɗaya, kuma kuɗin mai ne ke cinye rabin wahalarsa. Shi zai fara gane ribar.

Mu kuma masu nazarin Hausa muna da namu aikin. Kafin motar ta cika tasha, direbobi da makanikai za su raɗa wa kowane sashe nata suna, kamar yadda suka yi wa giya da kuloci da salansa. Ya kamata mu je garejin da littafin rubutu tun yanzu, mu ji abin da za su kira batirin da ya gaji.