Juyi biyu na katantanwa

Jiya da la'asar na tsaya a ƙofar gida ina kallon yara suna murza katantanwa a kan rairayi. Sai na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba duk wasan da na yi da ita ina yaro: ashe juyi biyu take yi. Tana juyawa a kan tsininta, tana kuma zagaya fili tana zana da'ira a ƙasa. Da juyin farko ya fara sanyi, sai zagayen ya canza, ta shiga tangaɗi.

Haske ma yana da waɗannan juyi biyun, kuma duk lokacin da na tuna haka sai abin ya ba ni sha'awa. A 1909 John Poynting a Ingila ya ce haske na iya juyawa a kan kansa, a 1936 kuma Richard Beth a Amurka ya auna ƙarfin juyin da wani ɗan faifai da ya rataye a siririn zare. Juyi na biyun bai fito fili ba sai 1992, da Les Allen da abokan aikinsa a jami'ar Leiden ta Holan suka nuna cewa hasken leza da aka murɗa kamar igiya yana ɗauke da nasa juyin daban. In aka haska shi a bango zobe ake gani, tsakiyarsa duhu, kamar ramin nan da ke buɗewa a kofi in mai shayi ya juya cokali da ƙarfi.

Cikin iska, juyin nan biyu kusan ba ruwan wani da wani. Amma a rufe tururin ƙarfen rubidiyam a 'yar kwalba, a ɗumama, a harba leza ciki. Hasken sai ya sauya halin tururin, tururin ma ya sauya hasken, har yadda haske ke juyawa a kan kansa ya shafi yadda murɗarsa ke tafiya. A 2012 masu bincike a Glasgow suka tura haske biyu da aka murɗa ciki, mai tsawon zango nanomita 780 da mai 776, ja ne da ido ke gani da ƙyar. Abin da ya fito shuɗi ne, mai 420, ɗauke da jimillar murɗar biyun. Launi ya sauya ƙwarai, lissafin murɗa bai ɓace ba.

Ina cikin wannan tunani wani yaro ya sa hannu ya kife tasa, sauran suka kaure da ihu.