Ba Sai An Ƙetare Teku Ba: Hutu A Wurno, Rabah Da Goronyo

Nasan da yawanku in kun kwanta kuna karatun littafi, burinku bai wuce a ce ango ya ɗauke ku zuwa bakin teku a Sifen ko Dubai ba, shi yana wasan golof, wato buga 'yar ƙwallo da sanda har ta zaga ramuka 18, ke kuma kina ƙarƙashin lema kina shan iska. To ƙawata, kafin kuɗin jirgi su samu, zo in tsara miki hutun da na yi a gabashin Sakkwato, inda rana ba ta ƙaranci, ruwa kuma ga shi har iya ganinki.

Farko dai lokaci. Ki bari sai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zafi ke kankama, a Afrilu kuwa ko ɗan garin neman inuwa yake. Damina ma ba ta da tabbas, don a 2010 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a yankin Goronyo.

Mu daga Sakkwato muka yi sammako muka fara da Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Gari ne marar hayaniya a gefen gulbi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, ganin irin wurin da mutumin da ya riƙe Arewa duka ya yi ƙuruciyarsa.

Sai Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ya mayar ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Ki sa hijabinki, ki rage murya, ziyara ce ba yawon ido ba. Baturen nan matafiyi Barth ma ya sauka garin a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da kin gangara fadama kuwa, kai! Albasa da tafarnuwa kore shar, shimfiɗe kamar darduma. Filin golof ana kashe dukiya a shayar da ciyawar da ba mai ci, wannan kuwa shi ke ciyar da gidaje, ya yi wa 'yan mata kayan ɗaki.

Ƙarshe madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984. Ga masunta a kwalekwale, ga iska mai sanyi, ga soyayyen kifi da yaji. Amma kada ki ɗauka ado ce kawai. Ita ke taimakon birnin Sakkwato da ruwan sha, ita ke raya noman rani, shi ya sa da ruwanta ya ja baya ƙwarai a 2018 hankalin kowa ya tashi.

Yanzu ga maganar da ba zan ɓoye miki ba. Yankin nan ya sha wuyar 'yan bindiga. A Oktoban 2021 sun afka wa kasuwar Goronyo, rayuka da dama suka salwanta, Allah Ya jiƙansu. Don haka ba a zuwa da ka. Ki nemi izinin iyaye ko maigida, ki tafi da muharrami, a fara tambayar ɗan gari halin da hanya take ciki a ranar. In ya ce a dakata, a dakata. A fita da hantsi, a juyo kafin la'asar, ban da kwana, ban da gwala-gwalai.

In kin samu zuwa, ki sayo tafarnuwa ki kai wa Inna tsaraba, cinikin nan ne ke ƙarfafa mutanen da suka ƙi barin gonakinsu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.