Hakkin Duna a Wuyanmu

Wasu za su yi mamakin ganin mai jan salla idan liman ya yi tafiya ya ɗauki alƙalami a kan maganar kare. A yi mana uzuri, abin ne ya tsaya mana a rai.

Shekara uku da suka wuce aka fasa shaguna biyu a layinmu cikin wata guda. Mu 'yan kasuwar layin muka yi karo-karo muka ɗauki mai gadi, wani dattijo, shi kuma ya ce aikin dare sai da kare. Aka samo baƙin ɗan kwikwiyo daga wajen Madalla, yara suka raɗa masa Duna. Tun da ya girma ba a sake taɓa mana kwaɗo ba. Mu saro kaya a kasuwar IBB, mu jibge, mu je mu yi barcinmu, shi yana zagaye har kiran asalatu.

Bana da zafin Maris ya kankama, kaska ta rufe shi: cikin kunnuwa, wuya, har tsakanin yatsu. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu sai ƙudaje suka sa bakin kunnuwansa a gaba, kullum cikin jini. Ya rame, ya daina haushi. Duk mun gani. Abin da muke yi kawai shi ne mu tattare riga mu raɓa ta gefe, kada ya shafe mu. Wata rana wani yaron shago, da kyakkyawar niyya, ya dama fiya-fiya da kalanzir ya yi masa wanka. Kafin la'asar dalala na zuba daga bakinsa, jiki na karkarwa. Bai kai magariba ba.

Da mai gadi ya dawo daga binne shi, ya same mu a ƙofar masallaci ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara uku yana tsare muku dukiya, ba wanda ya taɓa tambayata me ke damunsa." Wallahi mun rasa amsa.

Daren nan muka koma kan abin da muka karanta tun muna Islamiyya. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai umarni ne da muke bi don bauta. An halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadi idan akwai tsoro. Ana ma ruwaito cewa mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Mun kuma sha karanta wa jama'a hadisin wanda Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. To ashe karantawa muke yi, alhali ga mai ƙishirwar a ƙofar shagonmu. Wanda bai ajiye kare ba, babu komai a kansa. Mu da muka ajiye muka ci moriyarsa, ci da sha da lafiyarsa duk suna wuyanmu.

Da aka kawo sabon kare, wannan karon sai muka nemi likitan dabbobi, ga kuma abin da muka koya. Kaskar kare a tsagar bango da ramukan ƙasa take ɓuya, mace guda tana zuba ƙwai dubbai. Idan an wanke kare aka bar makwancinsa, aikin banza aka yi. Sai an share wurin, an liƙe tsagogi, an ƙone tsumman da yake kwanciya a kai. Kaska raɓi mai jini, bayan tsotso kuma tana sa masa zazzaɓi. Idan dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, a gaggauta kai shi asibitin dabbobi. Wajen cire ta, a kama kanta daf da fata da hantsaki ko matsefata, a ja a hankali, a jefa a kalanzir, kada a fasa ta da farce. Akwai maganin wanka da allura na musamman, amma likita ne zai auna gwargwadon girman karen. Bakin kunne a wanke, a shafa man da likita ya bayar, ko man kaɗanya kafin a samu. Da damina kada a ɗaure shi a ƙasa mai laima da fitsari, can wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta huda fata ta zauna.

Fiya-fiya da Sniper da baƙin mai kuwa, don Allah a nisanta su da jikin dabba. Guba ce da ke ratsa fata, ga shi kuma kare yana lasar jikinsa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni saboda rayukan mutane da ya ci, balle dabba.

Kada a manta allurar rigakafin haukan kare sau ɗaya a shekara. Wannan kam don 'ya'yanmu ne, su da ke wasa a inda yake kwana. Kaskar ma idan ta yi yawa takan hau yaro.

Yanzu a cikin kuɗin gadi na wata mun ware na maganin kare, mun yi masa rumfa da kwanon ruwa, mai gadi yana duba shi duk Juma'a da safe. Muna kira ga 'yan sintiri da mafarauta da masu gidajen da ke da kare su yi haka kafin damina ta yi nisa.

Allah Ya yafe mana sakacin da muka yi da Duna, Ya ba mu ikon sauke hakkin duk abin da Ya sa a hannunmu. Amin. Wassalam.