Keke Ba Ya Son Gaggawa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna suka ƙaru a makarantar nan. Amma har yanzu in ka shigo a kansa sai ka ji wani ya ce, "Oga, aljihu ya yi sanyi ke nan?" Ni kam ɗan Danja ne, kuma don daɗi nake hawa.

A garinmu keke abokin aikin manomi ne. Buhun taki, damin rake, kwandon tumatur, duk a kariya ake ɗaure su. Nawa tsohon Raleigh ne na Baba, ko giya ba shi da ita. Lokacin hutu, ran da babu aikin gona, ina idar da sallar asuba sai in ɗauki gorar ruwa da famfo da kayan faci in kama hanya. Wata rana Dabai, wata rana Bakori, in jiki ya yarda har Funtua.

Tafiya mai nisa tana da ƙa'ida. Ka taka feda daidai yadda za ka iya magana ba haki. Ka sha ruwa tun ƙishi bai kama ka ba. Ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa, ka bi babbar hanya, ka kuma dawo da sauran rana, don kowa ya san halin tsaro a yankinmu. Mai tsere kuwa, tun hantsi cinyoyinsa za su ƙi shi.

Abin da ake samu a hankali, ɗan acaɓa ba ya ganinsa. Da sanyin hunturu za ka ji ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake matse rake. Za ka yi wa masu ban ruwa a fadama sannu da aiki, su amsa ka ji. Wani dattijo ya taɓa tambayata, "Samari, daga Danja a keke? Lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau Baba, yawo ne." Dariya ya yi, ya miƙo mani gaɓar rake. Wallahi duk nauyin da jarrabawa ta bar mani a kai, a hanyar nan nake sauke shi.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai guda biyu ne: a yi mana rumfar ajiye kekuna mai wurin ɗaure sarƙa, sannan a ware safiyar Asabar ɗaya a wata mu fita tare. Sharaɗin kawai shi ne, na gaba ya jira na baya.