Zuwa Ga Auta, Kafin Ka Sa Kaki



Auta, hotonka ya iso, kai ƙwal irin na kuratan 'yan sanda. Innarka ta yi dariya, sannan ta share ƙwalla da bakin mayafi. Ni kuwa wani mutum ne ya faɗo mini a rai, wanda ba dangin iya ba na baba: Robert Culley, ɗan sandan Landan.

A 1829 Robert Peel ya kafa rundunarsu, talakawan birnin kuwa ba su yi maraba da ita ba. Ran 13 ga Mayu, 1833, wata ƙungiyar ma'aikata ta kira taro a filin Coldbath Fields. Gwamnati ta hana, jama'a suka fito duk da haka, 'yan sanda suka far musu da kulki. Cikin turmutsitsin aka daɓa wa Culley wuƙa a ƙirji. Ya lallaɓa ya shiga wani gidan giya da ke kusa, Calthorpe Arms, a nan ya cika. Ya bar matarsa da juna biyu.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki biro. Mutanen unguwa 17 da aka zaunar don binciken mutuwarsa suka ce kisan ya halatta, tun da ba a karanta wa taron dokar watsewa ba kafin a hau su da duka. Gari ya ɗauki shewa, har aka ba su kyautar kofunan azurfa. Daga baya babbar kotu ta soke wannan hukunci, gwamnati ta ba matar fam 200, amma ba wanda aka taɓa hukuntawa kan jininsa.

Ka gani, Auta? Haushin runduna guda aka huce a kan gawar mutum ɗaya, alhali shi ma ɗan wani ne, kamar yadda kake nawa. Kaki ba ya tare wuƙa. Abin da ke tsare ɗan sanda shi ne mutuncinsa a wurin mai shayi, da ɗan acaɓa, da tsohuwar da ke tallan ƙosai a bakin caji ofis. In ka tare mutum a hanya, ka fara da sallama, kulki ya zauna a ƙugu. Ranar da ka faɗi, Allah ya kiyaye, su ne na kusa da kai, ba mu ba.

Innarka ta ba direba dambun nama ya kawo maka. Ka ci da abokanka. Allah ya yi maka albarka, ya mai da kai gida lafiya.

Mahaifinka.