Ɓarakar da Ta Shekara 11 Tana Jiran Ɗinki

A cikin watan Oktoba na shekarar 2016, Linus Torvalds ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayani a kan wani gyara da ya yi wa manhajar Linux. Gyaran bai kai layi 20 ba. Amma abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ya buɗe bayanin. Ya ce wannan tsohon kuskure ne, kuma shi da kansa ya taɓa ƙoƙarin gyara shi shekara 11 da suka wuce, sai dai gyaran bai yi kyau ba. Mutumin da ya faɗi haka shi ne ya soma rubuta Linux a 1991, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kuma a lokacin da ya yi wannan iƙirari manhajar tasa ce ke tafiyar da ɗimbin manyan kwamfutocin intanet da dukkan wayoyin Android.

Kafin a fahimci nauyin maganar, wajibi ne a san wurin da ɓarakar take. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke shugabantar sauran manhajoji. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani sashe da Turawa ke kira kanel, kalmar da asalin ma'anarta ita ce ƙwayar da ke cikin ƙwallon ɗan itace, wadda sai an fasa ɓawo ake isa gare ta. Sunan ya dace. Kanel ne kaɗai ke da ikon taɓa na'ura kai tsaye. Sauran manhajoji roƙonsa suke yi. Daga cikin ayyukansa babu mai wuya kamar rabon ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato wurin da ake ajiye bayanai na ɗan lokaci yayin da ake aiki da su. Kanel yakan yanka wannan wuri gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata shafi, kuma a yawancin kwamfutoci shafi ɗaya yana ɗaukar bayit 4,096. Shi ne ke riƙe da lissafin wane shafi ne na wa, wa aka yarje wa ya karanta, wa aka yarje wa ya rubuta.

Saboda tattali, kanel yana da wata dabara. A ɗauka ɗakin karatu ne mai littafi guda ɗaya tak, ga masu son dubawa da yawa. Mai kula da ɗakin ba zai kwafa wa kowa nasa ba. Zai bar su duka su leƙa guda ɗin, muddin karatu kawai za su yi. Amma da zarar wani ya ɗaga alƙalami zai yi rubutu, sai mai kula ya tsai da shi, ya kwafi shafin, ya miƙa masa kwafin ya ce ya rubuta a nan. Asali yana nan yadda yake. Wannan dabara ita ce kwafi a lokacin rubutu. Haruffan farko na sunanta a Turanci, idan aka haɗa su, suna ba da kalmar da ke nufin saniya, kuma a yaren masu wannan sana'a shafin da aka yi rubutu a kansa ana ce masa mai dauɗa. Daga nan ne ɓarakar ta sami laƙabin Dirty COW, wato ƙazamar saniya. A rajistar da ake lissafa irin waɗannan ɓaraka kuwa, lambarta CVE-2016-5195.

To, ina kuskuren yake? Akwai wata ƙofa ta musamman da kanel ya bari domin manhajojin binciken kurakurai, waɗanda aikinsu kan buƙaci su yi rubutu ko a shafin da aka ce na karatu ne kawai. Idan buƙata irin wannan ta zo, kanel yakan yi kwafin shafin, sannan ya goge alamar da ke cewa wannan buƙata ta rubutu ce, domin a zatonsa an riga an gama da wannan batu, sai ya koma ya ɗauko shafin ya miƙa. Tsakanin yin kwafin da komawa ɗauko shi akwai ɗan tsaiko da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan a daidai wannan tsaiko wani ɓangare na manhajar ya gaya wa kanel cewa ba ya bukatar shafin, kanel zai yar da kwafin. Da ya dawo nema bai tarar da kwafi ba, sai ya ɗauko asali. Kuma tun da ya goge alamar rubutu, bai ga dalilin sake kwafa ba. Ke nan mai kula da ɗakin karatu ya juya baya, an janye kwafin daga kan tebur, shi kuma ya miƙa wa mai alƙalami littafin asali da hannunsa.

Babu layi ɗaya a cikin wannan tsari da za a nuna a ce ga ɓarnar. Kowane mataki daidai yake idan aka dube shi shi kaɗai. Ɓarnar tana cikin jerin lokaci ne, wato wa ya riga wa, shi ya sa masana ke kiran irin wannan kuskure tsere. Mai gwaji zai iya gwadawa sau dubu bai ga komai ba. Mai mugun nufi kuwa ba ya gajiya: yakan saki ayyuka biyu su yi ta maimaituwa, ɗaya na neman rubutu, ɗaya na yar da kwafi, har su yi kiciɓis a tsaikon. Da ya dace sau ɗaya, ƙaramin mai amfani da kwamfuta, wanda ba shi da izinin komai, zai iya sauya fayil ɗin da ke lissafa masu iko, ya mai da kansa mai gida.

Torvalds ya hango wannan tsere tun a watan Agusta na 2005, ya kuma yi masa gyara. Dabararsa ita ce a riƙa duba alamar dauɗa ta shafin kafin a miƙa shi. Ba a jima ba aka warware gyaran, saboda ya jawo matsala a kan manyan kwamfutocin kamfanin IBM da ake kira s390, waɗanda hanyarsu ta adana alamar dauɗa ta sha bamban da ta sauran na'urori. Aka maye gurbinsa da wata dabara, wadda ita ce ta goge alamar nan da aka bayyana a sama. Za a iya cewa an yi sakaci, amma adalci shi ne a dubi abin da ke gabansu a lokacin. A gefe ɗaya ga na'urori na zahiri da gyaran ya hana aiki. A ɗaya gefen ga tsere da yake kamar a takarda kawai zai iya faruwa. Duk mai hankali zai fara kashe wutar da yake gani.

Inda laifi ya fi kama su shi ne abin da ya biyo baya. An kawar da matsalar s390 a fitowar Linux ta 3.9, a shekarar 2013, amma ba wanda ya koma ya tambaya ko dalilin warware gyaran 2005 yana nan. A halin da ake ciki kuma kwamfutoci sun sauya. Masu ƙwaƙwalen sarrafawa da yawa, da ke gudanar da ayyuka a lokaci guda, sun zama ruwan dare, an kuma inganta sashen rabon ƙwaƙwalwa domin ya dace da su. Torvalds da kansa ya lura da cewa wannan ingantawa ce ta mai da tseren mai sauƙin aukuwa. Gini ya yi ta hawa, tsagar da ke gindinsa tana ƙara buɗewa. Yawancin rahotanni sun ƙirga shekarun hatsarin daga fitowa ta 2.6.22 a 2007, wato shekara tara. Shi ya ƙirga daga ranar da ya fara sanin abin.

Ba a teburin masu rubuta kanel aka gano ta ba. Wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Phil Oester ne ya ga an kutsa cikin wata kwamfutarsa. Wannan hari ba ya barin sawu a kundin da kwamfuta ke rubuta abubuwan da suka faru, amma Oester ya daɗe da al'adar adana duk saƙonnin da ke shigowa kwamfutocinsa daga intanet. A cikinsu ya tsamo manhajar da aka yi kutsen da ita, ya gwada ta, ya kai rahoto. Ma'ana, ɓarayi sun riga masu gida sanin ƙofar.

Gyaran 2016 ya koma ga tunanin 2005, amma da natsuwa. Maimakon kanel ya goge alamar rubutu, sai ya bar ta, ya ƙara wata sabuwar alama mai cewa an riga an yi kwafi. Idan ya dawo ɗaukar shafin, sai ya tabbatar shafin da ya tarar yana ɗauke da alamar dauɗa, shaidar cewa kwafin ne. In ba haka ba, sai a sake daga farko. A cikin bayaninsa Torvalds ya ambaci lambar gyaransa na dā da lambar wanda ya warware shi, kuma ya iya yin haka ne saboda Git, manhajar adana tarihin sauye-sauye da shi ya ƙirƙira a watan Afrilu na 2005, watanni huɗu kacal kafin gyaran farko. Wasu sun soki bayanin da cewa bai fito fili ya ce ana amfani da ɓarakar wajen kutse ba. Sukar tana da tushe, domin mai kula da kwamfutoci da ya karanta shi ba zai gane gaggawar ba. Sai dai game da tarihin kuskuren da hannun da ya yi shi, bai rufe komai ba.

Manyan kwamfutoci sun sami gyaran cikin kwanaki. Wayoyi ba su yi wannan sa'a ba. Google ya shigar da gyaran cikin Android a ƙarshen 2016, amma isarsa ga waya ya dogara ga kamfanin da ya ƙera ta, kuma tsofaffin wayoyi da yawa ba su taɓa samun sa ba. A watan Satumba na 2017 kamfanin Trend Micro ya ba da rahoton wata muguwar manhaja mai suna ZNIU da ke shiga wayoyin Android ta wannan ƙofa, a ƙasashe fiye da 40.

A watan Nuwamba na wannan shekara kuma, masu bincike na kamfanin Bindecy suka nuna cewa ɗinkin bai rufe ko'ina ba. Ban da ƙananan shafuka, kanel yana amfani da wasu manya masu ɗaukar megabayit 2, kuma a wurinsu akwai hanyar da shafi zai sami alamar dauɗa ba tare da an kwafe shi ba. Shaidar da gyaran ya dogara da ita ta zama abin da za a iya ƙirƙira. Wannan ba ta kai ta farko hatsari ba, amma ita ma an ba ta lamba, CVE-2017-1000405, aka kuma sake buɗe sashen rabon ƙwaƙwalwa domin wani gyaran.